Yankan ƙarfe da roba a kan inji: da ruwa ko a bushe?

Auwalu: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana masu sana'a. Ina roƙon a warware mini wata matsala da ta shige mini duhu. Tun ina yaron shago aka koya mini cewa ba a yanka ƙarfe a kan inji ba tare da ruwa ba, kuma a kan haka na tashi. Kwanan baya na sayi tsohon injin milin, wato injin da wuƙa ce ke juyawa a kan aikin, ina goge fuskar farantan ƙarfe da kai mai haƙoran kabaid, wato ƙananan bakunan yanka masu tsananin tauri da ake ɗaurawa a kan wuƙa. Abin da nake gani shi ne haƙoran ba sa cinyewa a hankali yadda na saba gani a kan les, injin da aikin ne ke juyawa a gaban wuƙa. Idan na duba bakin haƙori da gilashin ƙara girma, sai in ga ƙananan tsage a jere sun ratsa bakin a tsaye, ba a jima ba kuma sai bakin ya ɓantare. Wanda ya sayar mini da haƙoran ya ce in kashe ruwa gaba ɗaya in yanka a bushe, maigidana kuwa ya ce wannan maganar mai neman ciniki ce, yana so in ƙona su in koma in sayi wasu. Don Allah wanne ne daidai?

Baba Tanko: Wa alaikumus salam, Auwalu. Ni a Panteka ta Kaduna na koyi wannan aiki kuma a cikinsa na yi furfura, ban taɓa ganin inda zafi ya amfani wuƙa ba. Ƙarfe ne yake cin ƙarfe, dole wuta ta tashi a tsakaninsu, kuma idan ba ka kashe ta ba ita za ta kashe maka wuƙa. Ruwa ba sanyaya wuƙa kaɗai yake yi ba, yana kore sassaƙe daga hanyarta, yana kuma hana aikin kansa ya kumbura. Duk wanda ya taɓa auna shaf da zafinsa ya ga ya yi daidai, washegari ya zo saka boris ya tarar yana lilo a kai, ya san abin da nake nufi. Ina ba ka shawara ka fara duba abu biyu kafin ka zargi ruwa. Ka duba ko haƙoran na jabu ne, domin kasuwa cike take da su, sannan ka duba ko teburin injin yana rawa, tunda ka ce tsoho ne. Kabaid ba ya jure girgiza ko kaɗan.

Injiniya Rabi'u: Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganar Baba tana da tushe mai ƙarfi a tarihin wannan sana'a. A wajajen 1883, a masana'antar ƙarfe ta Midvale da ke Filadelfiya a Amurka, Frederick Taylor ya gano cewa idan aka kwarara ruwa mai yawa a daidai inda wuƙa take cin ƙarfe, ana iya ƙara saurin yanka da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba tare da wuƙar ta mutu ba. Daga nan ne al'adar ruwa ta bazu, har aka riƙa zuba masa soda don hana tsatsa. Amma wuƙaƙen wancan zamani suna laushi da zarar sun ɗan yi zafi, kuma ko wuƙar HSS, wato wuƙar ƙarfe mai jure yanka da sauri, da Taylor da abokin aikinsa Maunsel White suka nuna wa duniya a baje kolin Faris na 1900 tana rasa taurinta idan zafi ya kai kimanin digiri 600 a ma'aunin Selshiyas. Ga irin wannan wuƙa, ruwa shi ne rayuwarta, kuma a nan babu wanda zai ja da Baba.

Kabaid daban yake. Kamfanin Krupp na Jamus ya fito da shi kasuwa da sunan Widia a ƙarshen shekarun 1920, kuma yana riƙe taurinsa a zafin da HSS ta daɗe da mutuwa. Abin da ba ya jurewa shi ne zafi da sanyi su riƙa musanya a kansa da sauri. A kan les haƙori yana cikin ƙarfe koyaushe, saboda haka zafinsa a tsaye yake, ko da ruwa ko babu. A kan milin kuwa, a kowane zagaye haƙori yana shiga ƙarfe ya ɗauki zafi na ɗaruruwan digiri, sannan ya fito sarari. Ruwa ba ya iya kaiwa gare shi lokacin da yake cikin ƙarfe, sai bayan ya fito, wato ruwan yana dukansa ne a daidai lokacin da ya fi zafi. Fatar haƙorin ta tsuke, cikinsa yana nan da zafi, ya koma ya sake buɗewa, haka sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Kamar gilashin fitilar ƙwai ne da ɗigon ruwa ya faɗa masa yana cikin zafi. Tsagen da ka kwatanta, Auwalu, waɗanda suke a jere suna ratsa bakin a tsaye, su ne alamar wannan ciwo, kuma masu ƙera haƙoran da kansu suna ba da shawarar a yi gogen farko na baƙin ƙarfe a kan milin a bushe. Girgiza da Baba ya ambata tana ɓantare baki, amma ba ta barin tsage a jere irin wannan. Ina so ka faɗa mana yadda ruwan yake isa wurin yankan.

Auwalu: Na gode, Injiniya. Famfon da ya zo da injin ba shi da ƙarfi, siririn ruwa yake fitarwa, kuma idan wuta ta yi ƙasa yana tsayawa ya ci gaba. Saboda haka yawanci yarona ne yake tsayawa da gorar roba da aka huda murfinta, yana tsiyaya wa kan yankan duk lokacin da ya ga hayaƙi ya fara tashi.

Injiniya Rabi'u: To, a nan matsalar take, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan muhawara ya riƙe wannan gaɓa fiye da kowace. Tsakanin ruwa mai yawa wanda ba ya yankewa da bushewa ɗungurungum, kowanne yana da wurinsa. Abin da ba shi da wuri a aikin kabaid shi ne rabi da rabi. Yaron da yake jira sai hayaƙi ya tashi kafin ya tsiyaya ruwa, yana jiran haƙori ya kai ƙololuwar zafinsa ne sannan ya girgiza shi da sanyi. Ko dai ka nutsar da wurin yankan cikin ruwa tun kafin haƙori ya taɓa ƙarfe har ya fita, ko kuma ka ajiye gorar. Idan ka zaɓi bushewa, ka sa bututun iska daga kwamfiresa ya riƙa kore sassaƙe, domin haƙori ya sake bi ta kan sassaƙen da ya riga ya yanke shi ma yana karya baki. Sannan ka lura da launin haƙoran da kake saya. Masu launin zinariya galibi rufin TiN ne, wato siririn rufi mai taitaniyam da ake yi wa haƙori, wanda ba ya wuce digiri 600 da yawa, masu duhu kamar toka ko shunayya kuwa sau da yawa rufin TiAlN ne, wanda yake jure kimanin digiri 800 zuwa 900, domin alminiyam ɗin da ke cikinsa yana haɗuwa da iska ya yi wata fata mai kare haƙorin. Launi ba hujja ba ce a kullum, saboda haka ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Baba Tanko: Injiniya, na ji bayaninka kuma na yarda da batun gora, domin ni ma ba na barin yaro ya yi wa kabaid haka. Amma akwai abin da ku masu karatu kukan tsallake, wato irin injinan da muke da su. An ce a bushe sassaƙe ne yake tafiya da zafi, kuma na ga haka da idona a wata masana'anta: sassaƙen yana fita shuɗi, aikin kuwa kana iya dafa shi da hannu. Amma wannan sai inji yana gudu sosai kuma yana ci da ƙarfi. Les ɗin da ke shagona ya girmi yawancin masu rubutu a nan, idan na kai shi ƙarshen gudunsa duk shagon sai ya ɗauki rawa, ga shi kuma a kan janareta muke yini. Da irin wannan inji, wuƙa ba ta yanka da zafin nama, gugar ƙarfen take yi, kuma zafin a cikin aikin yake zama. Ka ce wa mai irin injina ya kashe ruwa, ka sa shi asara.

Injiniya Rabi'u: Wannan gaskiya ce, Baba, kuma lissafi yana bayanka. A ɗauki shaf na baƙin ƙarfe mai kauri milimita 50. Wuƙar HSS tana son saurin kimanin mita 30 a minti, wato zagaye 190 a minti ke nan, wanda kowane tsohon les zai bayar cikin sauƙi. Kabaid mai rufi kuwa yana son kamar mita 200 a minti, wato kusan zagaye 1,270, kuma idan shaf ɗin ya ragu zuwa milimita 20 sai an haura zagaye 3,000. Dalilin da ya sa gudu yake da muhimmanci shi ne zafi yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa cikin ƙarfe. Idan sassaƙe yana barin wurin da sauri, yakan tafi da mafi yawan zafin kafin ya samu damar shiga aikin ko wuƙar. Idan yana tafiya a hankali, zafin yana da lokacin da zai zauna. Saboda haka yanka a bushe ba kashe famfo ba ne kawai, tsari ne da ya haɗa haƙori mai rufi da inji mai gudu da ƙarfi da hanyar fitar da sassaƙe. Wanda bai da waɗannan, musamman mai aiki da HSS, ya riƙe ruwansa. Shuɗin sassaƙe a ƙarƙashin kabaid ba abin tsoro ba ne, amma a ƙarƙashin HSS gargaɗi ne cewa wuƙar tana gab da mutuwa.

Malam Yusufu: Gaisuwa daga Maraɗi. Ina so in ƙara da batun kas, wato ƙarfen zubi, tunda rabin aikina wanke (wato goge fuska a kan les) gangar birki da faifan birki da puli ne. Kas bai taɓa buƙatar ruwa ba, ko a hannun iyayenmu masu HSS, domin baƙin garin da ke cikinsa, irin wanda ake yin bakin fensir da shi, yana sa wuƙa ta zame, kuma sassaƙensa gajere ne, ba ya naɗewa. Idan ka zuba masa ruwa, ƙurar tana komawa baƙin taɓo, ta shiga ƙarƙashin keken les, ta haɗu da man da ke kan gado ta riƙa cin gadon a hankali har inji ya daina yanka daidai kusa da kan da ke riƙe aikin. Ni ina shimfiɗa tsumma ko kwali a kan gado kafin in fara, in share da buroshi bayan na gama. Ba na yarda a hura ƙurar kas da iskar kwamfiresa, domin tana tura ta cikin inji da cikin ƙirjin yara. Gangar birki ta tsohuwar babbar mota kuwa, sai na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma kafin in ɗora ta, saboda tsofaffin takalman birki da yawa da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce. Tagulla ma a bushe nake yanka ta. Wanda ya taɓa zuba mata man yanka mai farar wuta a ciki ya ga yadda take baƙi.

Injiniya Maryam: Assalamu alaikum. Na ga duk maganar ta tsaya a kan ƙarfe, alhali yawancin masu les a yau suna karɓar aikin roba, bushin da giya da rola na injinan masana'antu. Ni a sashen gyaran injina na wata masana'anta a Sharaɗa nake, kuma mafi yawan kayan robar da muke mayarwa wurin masu les ba don an yanka su da muni ba ne, sai don an ɗauke su kamar ƙarfe ne mai laushi.

A ƙarfe ana tsoron zafi ne saboda wuƙa. A roba wuƙa ba ta cikin haɗari, aikin ne yake cikin haɗari. Baƙin ƙarfe yana ratsa zafi fiye da nailan kusan sau 200, saboda haka zafin da ya tashi a bakin wuƙa ba shi da inda zai gudu, a fatar robar yake taruwa. Nailan 6 yana narkewa a kimanin digiri 220, asetal irin su Delrin a wajen 175, kuma tun kafin a kai nan suna laushi su fara jan zare suna manne wa wuƙa. Ga kuma kumburi. A ce bushin nailan mai faɗin milimita 100 ya ɗumama da digiri 30 a lokacin yanka: zai buɗe da kusan milimita 0.27, alhali ƙarfe mai wannan girma bai kai 0.04 ba. Mai les ya auna shi da ɗuminsa ya ga daidai, ya kawo mana, da safe mu tarar ya tsuke.

Wani zai ce to ai maganin shi ne ruwa, amma a nan ma akwai tarko. Nailan yana shan ruwa. A cikin iska mai matsakaicin danshi yana ɗaukar kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, idan ya daɗe a jiƙe kuwa yana iya kaiwa kashi 9, kuma yana kumbura gwargwadon abin da ya sha. Ruwan mintuna kaɗan a kan inji ba zai ratsa shi har ciki ba, amma na ga waɗanda suke jefa aikin cikin bokiti ya kwana wai don ya huce. Mu a Kano ma muna ganin bambanci tsakanin bushin da aka yi da hunturu da yadda yake komawa idan damina ta sauka, shi ya sa nake roƙon a bar wa nailan sarari fiye da na tagulla. Asetal bai damu da ruwa haka ba, bai kai kashi 1 ba. Abin da na fi amincewa da shi a kan yawancin roba shi ne wuƙar HSS da aka wasa ta yi kaifi sosai kuma aka goge fuskarta ta yi santsi, a ci da ɗan kauri domin sassaƙe ya tafi da zafin, a sa iska a kai, a yi gogen farko a bar aikin ya huce sarai kafin a yi na ƙarshe. Haƙorin kabaid mai rufi da aka yi don baƙin ƙarfe bakinsa dakusasshe ne da gangan, a roba turawa yake yi maimakon yanka.

Auwalu: Allah ya saka da alheri, Injiniya Maryam. To alminiyam fa? Mu kananzir muke shafa masa da buroshi, kuma ina ganin yana fita da kyau. Idan na bar shi a bushe sai ya manne a bakin wuƙa, fuskar aikin ta yi kaca-kaca.

Injiniya Rabi'u: Abin da ka gani daidai ne. Alminiyam yana ratsa zafi da sauri ƙwarai, saboda haka buƙatarsa ba sanyi ba ce, santsi ce, don kada ya like a bakin wuƙa ya zama shi ne yake yankan ɗan'uwansa. Kananzir tsohuwar dabara ce kuma tana aiki, sai dai yana kama wuta, tururinsa ba shi da kyau ga ƙirji, yana kuma busar da fatar hannu har ta tsage. Abin da nake so in ja kunne a kai shi ne magniziyam, domin yana zuwa cikin tarkacen gidan giya da murafen injin wasu motoci da babura, kuma a ido da wuya ka bambanta shi da alminiyam sai dai ya fi shi rashin nauyi. Sirirun sassaƙensa suna kama wuta, kuma idan suka haɗu da ruwa suna fitar da iskar haidurojin. Wutar magniziyam ba a kashe ta da ruwa, ƙara mata ƙarfi yake yi, da busasshen yashi ake rufe ta. Sitenles kuwa akasin alminiyam yake, yana ratsa zafi da kusan kashi ɗaya cikin uku na baƙin ƙarfe, kuma fatarsa tana ƙara tauri idan wuƙa ta goge shi ba ta yanka ba. A kan les, shi da taitaniyam ruwa mai yawa suke so.

Malama Bilkisu: Ina bin wannan muhawara ne saboda ƙannena biyu suna wannan sana'a, ni kuma ma'aikaciyar lafiya ce, kuma hannayen masu les da nake gani a wurin aiki sun isa su sa in yi magana. Ana ta auna lafiyar haƙori da lafiyar shaf, ina roƙon a saka lafiyar yaron da yake tsaye a gaban injin cikin lissafin. Farin ruwan yanka, wato ruwa mai haɗe da mai, idan ya daɗe a tanki gida ne na ƙwayoyin cuta. Man gadon inji yana tsiyaya ya rufe samansa, iska ta daina shiga, ƙwayoyin da ba sa son iska su hayayyafa, shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji idan an buɗe shago bayan hutun kwana biyu. A zafin bazara irin namu wannan yana faruwa da sauri. Ruwan yana jawo ƙuraje da tsagewar fata, kuma feshinsa da yake tashi daga kan mai juyawa yana shiga huhu. A Longbridge da ke Birmingham a Ingila, tsakanin 2003 da 2004, ma'aikata da yawa a wata masana'antar injinan mota sun kamu da asma da kumburin huhu, kuma binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ya danganta abin da feshin ruwan yanka. Cibiyar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata tun 1998 ta ba da shawarar kada wannan feshi ya wuce miligiram 0.5 a kowace mita kubik ta iska. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsohon baƙin mai da ake tsiyayowa daga mota a riƙa shafa wa diril da tap na fitar da tiredi. Yana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin fata, kuma yaro yana yini da tsumman da ya jiƙe da shi a aljihun wando.

Malam Yusufu: Malama ta faɗi gaskiya, kuma yawancin ruwan da yake ruɓewa tun daga haɗi aka ɓata shi. Ana so mai ya zama kashi 5 zuwa 10 cikin 100, wato a lita 20 ta ruwa ka zuba kimanin lita 1 zuwa 2, kuma man ake zubawa cikin ruwa ana motsawa, ba ruwa cikin mai ba. Amma saboda tsada sai mutum ya riƙa ƙara ruwa zalla kullum har abin ya koma ruwan wanki, daga nan gadon inji ya fara tsatsa, ƙwayoyin cuta su samu wuri. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse kuma yana da gishiri da yawa, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, yana raba man da ruwan ka ga mai yana yawo a sama. Ni ina tarar ruwan sama a randa da damina saboda wannan aiki, ina kwashe man da ya taru a saman tanki, ina kuma kunna famfo na ɗan lokaci ko ranar da ba na aiki don ruwan ya sha iska.

Injiniya Rabi'u: Wannan ɗawainiya da Malam Yusufu ya lissafa ita ce ta sa manyan masana'antu suka fara neman hanyar rabuwa da ruwa, ba wai don ba ya aiki ba. A shekarun 1990 masana'antun motoci na Jamus sun ƙiyasta cewa ruwan yanka, da sayensa da tace shi da wutar famfunansa da zubar da shi, yana cin kashi 7 zuwa 17 cikin 100 na kuɗin sarrafa kaya, alhali wuƙaƙe ba su wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Daga nan aka ƙarfafa hanyar tsakiya da ake kira MQL, inda iskar kwamfiresa take ɗaukar ɗan mai ƙalilan, kamar mililita 5 zuwa 50 a awa ɗaya, ta kai shi daidai bakin wuƙa, sassaƙe ya fita kusan a bushe. Kamfanin Ford yana amfani da ita a wasu masana'antunsa na injin mota da gidan giya. Ba ta sanyaya kamar ruwa, domin ruwa yana ɗaukar zafi ninki biyu na mai, amma ga alminiyam da huda mara zurfi da yankan zarto ta dace da ƙaramin shago, tunda babu tankin da zai ruɓe kuma babu ruwan da za a zubar a kwata ya gangara Jakara ko kogin Challawa. Man da ake sa mata galibi daga tsirrai ake samo shi.

Baba Tanko: Idan daga tsirrai ne, ai mu mun daɗe da shi. Man gyaɗa nake sa wa tap idan zan fitar da tiredi, kuma ban ga abin da ya fi shi ba, sai dai ba a barinsa a kan inji domin yana daskarewa ya yi danƙo. Na karɓi maganar milin da kabaid, na karɓi ta kas, wadda dama haka muke yi. Amma kada wani yaro ya karanta wannan ya tafi yana cewa zamanin ruwa ya wuce. Ka huda rami mai zurfi a bushe ka gani, sassaƙe ya cushe, diril ya yi ja ya karye a ciki, ka yini kana neman yadda za ka ciro shi. Rima, wuƙar da ake gyara cikin rami da ita, ba ta ba ka rami mai santsi ba tare da mai ba. Karanshaf kuwa, duk wanda ya wanke shi a kan dutse babu ruwa ya ƙona fatar ƙarfen, ko da ido bai ga tabon ba, kuma mai mota ne zai biya a kan hanya.

Injiniya Maryam: Baba ya tuna mini da hudar roba, wadda ita ce inda na yarda da ruwa ko a kan nailan, domin a cikin rami iska ba ta isa. A riƙa shiga ana fitowa da diril kafin sassaƙe ya cika hanyarsa, babban rami kuma a fara da ƙaramin diril a buɗa sauran da wuƙa, in ba haka ba zafin da ya taru a tsakiya yana iya tsaga sandar gaba ɗaya. Sai dai a kula da robobi masu haske kamar gilashi, wato akirilik irin su Perspex da kuma polikabonet. Kada kananzir ko fetur ko tina ko man yanka na ƙarfe su taɓa su. Aikin zai fita lafiya a idonka, bayan kwanaki sai ƙananan tsage su bayyana a gefen ramin su yi ta yaɗuwa, musamman inda aka ɗaure da noti. Su ruwa zalla ake sa musu, ko da ɗigon sabulun wanke kwano a ciki, sannan a goge injin a shafa masa mai bayan an gama saboda tsatsa. PVC da asetal kuma idan ka ji wari mai yaji yana shiga hanci da ido, ka tsayar da inji nan take, domin robar ta fara ƙonewa ke nan, na farko yana fitar da tururin asid, na biyu kuma fomaldihaid, kuma abin da ake gyarawa a lokacin shi ne kaifin wuƙa da saurin injin.